Me ke kashe mayen ƙarfen inji, kuma me ya sa sai a Sin ake samun sa?

"Injiniya, barka da aiki. Ni mai gyaran sumon sola ne da baburan caji. A 'yan shekarun nan ana yawan kawo mini inji, kwayil lafiya lau, amma ba ƙarfi, in na buɗe sai in tarar mayen ƙarfen ne ya yi sanyi. In na je saye kuma ga tsada, kowane dila sai ya ce daga Sin yake zuwa, Sinawa kuma sun riƙe kayansu. Sannan wani abokina mai harkar kuza a Jos ya ce wani yashi da suke tacewa, monazayit, da shi ake yin sa. To in haka ne, me ya hana wasu ƙasashe, ko mu nan, mu yi? Kuma babu abin da zai maye gurbinsa?"

Barka kadai Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambaya uku ka haɗa a baki ɗaya: abin da ke kashe mayen ƙarfe a cikin inji, dalilin da Sin ta mamaye yin sa alhali ma'adinin na nan a wurare da dama, sai kuma ko masu bincike sun kusa samo madadi. Aikina shi ne awo da gwajin irin wannan mayen ƙarfe ga masu haɗa injin lantarki, kuma a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure tambayoyin uku, wato zafi. Zafin da ya lalata injin da ke kan bencinka shi ya sa ake buƙatar wasu sinadarai biyu da kusan Sin kaɗai ke tace su, kuma a kan rage su yawancin binciken shekara 20 ɗin nan ya ta'allaƙa.

Abin da ke hannunka

Baƙin mayen ƙarfen nan na bayan tsohuwar sifika sunansa ferayit. Tsatsar ƙarfe ce aka gasa da wani sinadari, ga araha, ga daɗewa, sai dai ba shi da ƙarfi sosai. Wanda kake cirowa daga sumo da tayar babur, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda in ya kama maka yatsa sai jini ya taru, na niyodimiyom ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa niyodimiyom ne da ɗan'uwansa farasiyodimiyom, kashi 1 boron, sauran kusan duk baƙin ƙarfe ne. Ƙyallin da kake gani rufin nikel ne kawai, abin da ke ciki toka-toka ne kuma yana karyewa kamar tangaran.

Niyodimiyom ɗaya ne daga cikin sinadarai 17 da 'yan jarida ke kira ma'adinai masu wuyar samu. A ɓawon ƙasa ya fi dalma yawa. Wahalarsa ita ce ba ya zuwa shi kaɗai, kullum a cakuɗe yake da 'yan gidansu.

Tun a shekarun 1960 Karl Strnat, da ke aiki a wani ɗakin bincike na sojan saman Amurka, ya nuna cewa haɗa 'yan wannan gida da kobalt zai ba da mayen ƙarfe mai ƙarfin da ba a saba gani ba. Daga nan aka samu na samariyom da kobalt. Sai a 1978 yaƙi ya ɓarke a Kolwezi, a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, inda mafi yawan kobalt ɗin duniya ke fitowa. Farashi ya ninka sau da yawa cikin watanni, kamfanoni suka shiga neman wanda za a yi da baƙin ƙarfe. Mutum biyu suka cim masa kusan lokaci guda ba tare da sanin juna ba: Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan, da John Croat a General Motors ta Amurka. Dukansu sun bayyana sakamakonsu a wani taro a Pittsburgh a 1983. Hanyar Sagawa, ta niƙa a matse a gasa, ita ce ke ba da mafi ƙarfi, kuma ita ce a cikin injinka.

Lambar da ake rubutawa a kwali, N35, N42, N52, ma'aunin ƙarfin da ke tattare a cikinsa ne. A wannan ma'auni ferayit yana wajen 4, na samariyom wajen 30, iyakar da lissafi ya ba na niyodimiyom kuwa wajen 64 ce. Shi ya sa inji mai nauyin kilo kaɗan ke iya jan mutum biyu a babur. Motar lantarki takan ci kilo 1 zuwa 2, manyan injinan iska na teku marasa giya kuwa wajen kilo 600 a kowane megawat.

Yadda zafi ke cinye shi

A nan zan daɗe, don nan ne kuɗinka yake.

Mayen ƙarfe yana da halaye biyu da masu saye kan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko ƙarfin jansa. Na biyu taurin kansa, wato yadda yake ƙin a juya masa alƙibla. A cikin inji, duk lokacin da wuta ta bi kwayil, tana haifar da wani ja da ke tunkuɗar mayen ƙarfen ta baya. Muddin taurin kansa ya fi wannan tunkuɗa, ba abin da zai same shi ko da shekara 20 ne. Matsalar ita ce halayen biyu ba sa raguwa daidai in ya ɗumama. Ƙarfin ja yana sauka da kusan kashi 0.12 cikin 100 a kowane digiri, kuma yana dawowa in ya huce. Taurin kai kuwa yana sauka da kusan rabin kashi ɗaya a kowane digiri. Ka ƙara masa digiri 100, ya rasa kusan rabin taurinsa. A wannan hali, in direba ya ɗauki lodi ya nufi tudu, kwanturola ta turo wuta mai yawa, wani sashe na mayen ƙarfen sai ya juye, kuma wannan ba ya dawowa da hucewa.

Daga nan abin ke bin kansa. Mayen ƙarfe ya yi rauni, inji ya ja wuta fiye da da don ya yi aikin da ya saba, kwayil ta ƙara zafi, wani sashen ya sake juyewa. Sumo kuwa ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi, don haka rijiyar da ta ja baya da rani ta bar shi yana juyi a bushe ta gama da shi, ko kwayil ba ta ƙone ba.

Harafin da ke bayan lamba shi ke gaya maka juriyar zafi. In ba harafi, digiri 80 ne a ma'aunin Salshiyas. M digiri 100, H 120, SH 150, UH 180, EH 200. Ina yawan ganin mai gyara ya dage sai N52 don ya ji an ce shi ne sarki. A sanyi haka ne. Amma a cikin tayar babur da ta wuni a rana tana hawa da sauka, N42SH zai binne shi. Kuma waɗannan lambobi na ƙulli mai kauri ne. Siririn falle yana juyewa kafin ya kai zafin da aka rubuta masa, masu injin araha kuwa a kauri suke fara tsimi.

A wurin aikinmu, in an kawo kaya, mukan auna ƙarfin 'yan samfura, mu sa su a tanda a zafin da kwali ya ce suna ɗauka, mu bar su su huce, mu sake aunawa. Na ƙwarai ba ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100. Na sha ganin wanda aka buga wa SH ya zube sosai tun kafin a kai digiri 120, kuma da ido ba za ka bambanta shi da na gaskiya ba. Kai ba ka da tandar awo, amma kana da mita da injin huda. Ka cire wayoyin injin daga kwanturola, ka juya shi da gudu ɗaya tsayayye, ka auna wutar da ke fita tsakanin wayoyi biyu-biyu, sannan ka yi haka da lafiyayyen inji irinsa. In ukun sun zo daidai da juna amma duk sun gaza na lafiyayyen, mayen ƙarfe ne. Wata alama kuma: injin da mayensa ya yi rauni yakan fi gudu in ba lodi, ya kasa da zarar an ɗora masa.

Wanda zafi ya juyar ana iya farfaɗo da shi da na'urar da ke sake masa wuta mai tsananin ƙarfi a ƙiftawar ido, in dai jikinsa bai lalace ba. Goga shi da wani mayen ƙarfe ba ya yin komai. Wanda ruwa ya shiga kuwa, ka ga rufin ya kumbura, ciki ya zama gari, wannan ya tafi, don tsatsa tana bin tsakanin ƙwayoyinsa ne ta warware su. Kada ka sa wutar gas don narkar da gam, za ka kashe na kusa da shi. Kada kuma ka kai shi dutsen wasa wuƙa a bushe, garinsa yana kama wuta. Ƙananan kuma a nisanta su da yara, don in yaro ya haɗiye biyu sukan manne ta jikin hanji su huda shi.

To me ke sa SH ya fi jure zafi? Galibi disfurosiyom ne ko tabiyom, wasu 'yan gidan da ake kira masu nauyi. In an maye gurbin ɗan niyodimiyom da su, taurin kai yana ƙaruwa sosai, ƙarfin ja ya ɗan ragu. A da, masu jure digiri 200 sukan ɗauki har kusan kashi 10 cikin 100 na disfurosiyom. Su kuwa waɗannan biyu da gaske ƙaranci gare su. Mafi yawansu daga wata irin laka suke fitowa a kudancin Sin, musamman yankin Ganzhou a lardin Jiangxi, da kuma jihar Kachin a arewacin Miyanma, inda ake ɗura ruwan sinadari a jikin tsauni a tari abin da ya tsiyayo. Na Kachin ma Sin ake kai shi tacewa, kuma tun Oktoban 2024 wuraren haƙar suna hannun mayaƙan yankin.

Daga yashi zuwa abin da ke manne ƙarfe

Haƙa ita ce mafi sauƙi a duk jerin. Bayan ta sai a dafa ma'adinin da asid mai ƙarfi ko soda don ya narke. Sai raba 'yan gida, kuma nan gizo ke saƙa. Sinadaran suna kama da juna ƙwarai a halayya, niyodimiyom da farasiyodimiyom ma har akan bar su a haɗe don wahalar raba su. Ana bi da ruwan ne ta jerin tankuna, a kowanne a kaɗa shi da wani mai, a bar shi ya kwanta, wani sinadarin ya ɗan fi karkata ga man. Bambancin kowane tanki kaɗan ne, don haka sai an jera ɗaruruwa, kuma in lissafi ya kuskure a tsakiya sai an ɗauki makonni kafin layin ya daidaita. Abin da ke fitowa hoda ce. A mayar da ita ƙarfe kuma wata masana'anta ce daban, da wutar lantarki a cikin narkakken gishiri mai zafin sama da digiri 1,000.

Sai a narka shi da baƙin ƙarfe da boron, a zuba a kan gangar tagulla mai juyawa ya daskare falle-falle. A sa masa iskar haidurojin, ya sha ya farfashe da kansa. A niƙa shi da iskar naiturojin har ƙwaya ta koma maikiron 3 zuwa 5, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wannan gari in ya haɗu da iska kamawa yake da wuta, don haka komai a rufe ake yi. A jera ƙwayoyin su fuskanci gefe guda a ƙarƙashin babban maganaɗisun lantarki, a matse, a gasa a tanda marar iska a wajen digiri 1,050, a sake ɗumamawa a ƙasa da haka, a yanka, a goge, a rufe da nikel. Sai a ƙarshe a ba shi wuta ya zama maye.

Akwai kuma wata matsala ta ciniki da ba a cika faɗa ba. A yawancin ma'adinan, siriyom da lantanom ne suka fi yawa, su kuwa kusan ba su da kasuwa. Dole ka biya kuɗin tace su kafin ka kai ga ɗan abin da kake so.

Yadda Sin ta kai inda take

Har shekarun 1980, mahaƙar Mountain Pass a Kalifoniya ce kan gaba a duniya. Sin tana da tata babbar mahaƙa, Bayan Obo, a Mongoliya ta Gida, wadda ake kai ma'adininta birnin Baotou. Abin da ya sauya lissafi shi ne aikin Xu Guangxian na Jami'ar Peking a shekarun 1970, wanda ya tsara lissafin jerin tankunan nan ta yadda za a iya gina masana'anta ba tare da shekarun gwaji ba, aka kuma koyar da shi ga masana'antun ƙasar. Ga aiki mai araha, ga gwamnati mai haƙuri da asara, ga sakaci da muhalli wanda mutanen Baotou da Ganzhou suka biya kuɗinsa. Turawa kuwa murna suka yi da samun mai ɗauke musu aikin ƙazanta. General Motors ta sayar da Magnequench, kamfaninta na mayen ƙarfe, a 1995 ga wata haɗaka da ke da kamfanonin Sin a ciki, kuma cikin 'yan shekaru aikin ya bar jihar Indiyana. Mountain Pass ta tsaya a 2002.

Yau Sin na haƙo wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, tana tace kusan kashi 90, tana kuma yin kusan kashi 90 na mayen ƙarfen. Lura da yadda lambar ke hawa in an bar bakin rami.

A 2010, bayan rikicin wani jirgin kamun kifi kusa da tsibiran Senkaku da Sin da Japan ke jayayya a kansu, kaya suka daina isa Japan na wani lokaci, a shekarar kuma Sin ta rage adadin da take fitarwa. Zuwa tsakiyar 2011 farashin wasu daga cikin sinadaran ya ninka fiye da sau goma. Kowa ya ruga buɗe mahaƙa. Farashi ya faɗo, Molycorp da ta sake buɗe Mountain Pass ta karye a 2015. Wanda ya tsira shi ne Lynas, mai haƙa a Mount Weld ta Ostireliya tana tacewa a Malesiya, kuma ta tsira ne don Japan ta zuba mata dala miliyan 250 a 2011 ta kuma yi mata haƙuri da bashi lokacin da ta kusa durƙushewa. A ganina wannan shi ne amsar "me ya hana wasu". Ilimin na nan a littattafai, amma duk wanda ya gina masana'anta zai yi gogayya da mai iya karya farashi har ya kore shi.

A Disamban 2023 Sin ta hana fitar da fasahar tacewa da ta yin mayen ƙarfe. Ranar 4 ga Afrilun 2025 ta ce sai da lasisi za a fitar da sinadarai bakwai da mayen ƙarfen da ke ɗauke da su. Niyodimiyom ba ya cikin jerin. Disfurosiyom da tabiyom da samariyom suna ciki, wato masu jure zafi, na mota da jirgi da makami. Cikin makonni Ford ta tsayar da wata masana'antarta a Chicago na mako guda, Suzuki ta dakatar da haɗa motarta Swift. A Yuli ma'aikatar tsaron Amurka ta sayi hannun jarin dala miliyan 400 a MP Materials, mai Mountain Pass a yanzu, ta kuma lamunce mata farashin dala 110 a kilo na shekara 10. Ƙarin takunkumin da Sin ta sanar a Oktoban 2025 an dakatar da shi na shekara guda bayan ganawar Trump da Xi Jinping a Busan.

Ban ce duk tsadar da dilanka ke faɗa daga nan take ba. Canjin dala da kuɗin fito suna da nasu kaso, wani dilan kuma labari kawai ya ji ya ƙara kuɗi.

Inda bincike ya kai

Babbar nasara ba sabon sinadari ba ce, gyaran tsohon ne. An gano cewa juyewa tana farawa ne daga fatar ƙwaya, ta ratsa ciki, ta tsallaka maƙwabciya. To me ya sa za a sa disfurosiyom a duk cikin ƙwayar? Kamar mai gida ne ya ɗauki maigadi ga kowane ɗaki alhali ɓarawo ta katanga yake shigowa. A tsakiyar shekarun 2000 masu bincike a Japan, musamman na kamfanin Shin-Etsu, suka fito da dabarar shafa sinadarin a jikin mayen ƙarfen da aka riga aka gasa, a ɗumama shi ya tsiyaya ta tsakanin ƙwayoyi ya tsaya a fatarsu. Wannan ya rage buƙatarsa da rabi ko fiye, ƙarfin ja kuma bai faɗi ba. Iyakarta ita ce ba ya ratsa ƙulli mai kauri sosai, 'yan milimitoci ne.

Hanya ta biyu ita ce ƙanƙanta ƙwaya, don ƙaramar ƙwaya ta fi taurin kai. A 2016 Honda da Daido Steel suka sa mayen ƙarfe marar disfurosiyom ko tabiyom a motar Freed, sai dai sun sake fasalin injin don ya rage masa wahala. A 2018 Toyota ta nuna wanda aka maye wani kaso na niyodimiyom da siriyom da lantanom. Masana'antun Sin ma suna yin mai siriyom da yawa don kayan araha, kuma ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye gaskiya, don juriyarsa ba ta kai ba. Har yanzu akwai fili babba a nan: taurin kan da ake samu a zahiri kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na abin da lissafi ya ce sinadarin zai iya. Cibiyar bincike ta NIMS da ke Tsukuba a Japan ta yi shekaru tana duba tsakanin ƙwayoyi zarra bayan zarra don gano inda sauran ke zubewa.

Sabon sinadari kuwa, sai a yi hattara da kanun labarai. Na samariyom da ƙarfe da naiturojin, wanda Michael Coey ya bayyana a Dublin a 1990, yana da kyau a takarda, amma yana rushewa a wajen digiri 600, don haka ba ya gasuwa ta hanyar da aka saba, sai a cakuɗa shi da roba. Kamfanin Niron a Minnesota yana aiki a kan na ƙarfe da naiturojin zalla, ba ɗan gidan ko ɗaya. Ina yi masa fatan alheri, amma taurin kai shi ne rauninsa, kuma sifika ce zai fara shiga kafin tayar mota. Shekara 40 ke nan ba a samu wanda ya doke na Sagawa ba.

Masu haɗa inji sun fi masu sinadari sauri. Renault tun motarta Zoe, da BMW a sababbin motocinta, suna amfani da inji marar mayen ƙarfe, an naɗa waya a rota, wato sashen da ke juyawa, ana ba ta wuta. Ga irin aikinka kuma kada ka raina ferayit. Halinsa kishiyar na niyodimiyom ne, taurin kansa ƙaruwa yake da zafi, sanyi mai tsanani ne ke cutar da shi, ba ya kuma tsatsa. Inda girma da nauyi ba matsala ba ne, kamar fanka ko famfon da ke zaune a ƙasa, ya dace da yanayinmu. Sai dai ba za ka cire na niyodimiyom ka liƙa ferayit a gurbinsa ba, injin sai an tsara shi don haka tun farko.

Sake sarrafa tsoho ma yana tasowa. A Jami'ar Birmingham an yi amfani da dabarar haidurojin ɗin nan don warware tsohon mayen ƙarfe ya koma gari a sake gasa shi. Abin da ake sake sarrafawa a duniya har yanzu bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma tarawa ce babbar wahalar. Ni dai da ni ne kai, matattun da kake cirewa zan riƙa tara su a busasshen bokiti daban, ban haɗa su da kilon baƙin ƙarfe na 'yan jari-bola ba.

Yashin Jos

Abokinka ya yi gaskiya. Monazayit yana cikin tarkacen da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos tun zamanin Turawa, tare da wasu ma'adinai, kolumbayit da zakon, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ke sayar wa Sin shi. Tsantsarsa fiye da rabi 'yan gidan nan ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasu kuma niyodimiyom da farasiyodimiyom. A lissafin takarda, tan ɗaya zai ba da wajen kilo 100 na ƙarfen, wanda zai yi mayen ƙarfe kilo 300 da 'yan kai. Amma masu nauyin nan biyu kaɗan ne a cikinsa, don haka ko mun iya tace shi, maganin zafin sai mun nemo a waje.

Abin da ya fi damuna shi ne toriyom. Monazayit yana ɗauke da shi, kuma yana fitar da tururin nukiliya. Shi ya sa kamfanonin Yamma da dama suka guje shi. A Bukit Merah ta Malesiya, wata matatar monazayit da ta fara aiki a 1982 ta bar sharar da aka yi shekaru ana shari'a da kwashewa a kanta. Ka gaya wa abokinka kada ya tara buhunan a ɗakin kwana ko shagon da ake wuni a ciki, a rufe hanci lokacin tacewa a bushe, kada kuma a yi bulo ko daɓe da tarkacen. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya ce ke da hurumin irin wannan kaya.

Ni ba masanin duwatsu ba ne, kuma darajar yashin kowane rami sai ɗakin awo ya faɗe ta. Amma ta fuskar masana'anta, matakin da na ga ya fi kusa da mu shi ne tsabtace yashin da auna shi kafin a sayar, don mai sayar da abin da bai auna ba farashin da aka yanka masa yake karɓa. Bayan shi sai dafawa a cire toriyom a adana shi bisa ƙa'ida. Tankuna ɗaruruwa da tanda marar iska suna son wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana, da mai saye da ya sa hannu na shekaru.

Injin da ke gabanka kuma ba zan iya yanke masa hukunci daga nesa ba. Ka yi awon nan na mita, ka duba ko rufin ya kumbura, ka auna kaurin falle ɗaya, ka tambayi mai rijiyar ko ruwa na yankewa da rana. In za ka sayi sabo, ka nemi H ko SH ko da lambar gaban ta fi ƙanƙanta, ka fara da 'yan kaɗan daga dila ɗaya ka gwada su a inji guda kafin ka zuba jari. Sumon kuma ka sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja baya.